Saƙon Murya a Majalisar Maza

Sallama gare ku 'yan uwa masu bibiyata, da ku da kuka faɗo yau ba ku san kan zance ba. Don sababbi zan maimaita: sunana Samah Yunus, shekarata ashirin da bakwai, a unguwar Tandabawi ta Makka aka haife ni, nan aka haifi Abuya, wato babana. Kakana ne ya taho daga Kano da ƙafa, da niyyar ya sauke farali ya koma gida. Ya rasu yana da shekara tamanin da ɗaya yana cewa baɗi.

Ƙaramar malama ce ni a jami'a, kuma ina rubuta kundin digiri na uku a kan mata da maza a siyasar Amurka. Idan aka tambayi Abuya a masallaci, cewa yake "tarihi take karantawa," ya bar mutane su ɗauka na Sahabbai ne. A kundin akwai babi guda kan 'yan siyasar da mata suka yi sanadin faɗuwarsu daga kujera, akwai wani kan rigimar zubar da ciki da yadda take juya ƙuri'a. Waɗannan biyun a kwamfutata sunansu "Girke-girke 1" da "Girke-girke 2". Ummi ta taɓa hango sunayen ta bayan kafaɗata, har da hawaye ta yi, ta ce ashe addu'arta ta fara ci.

Jami'a ta ba ni shekara guda in je Amurka in karanta tsofaffin takardu, a Washington da wani gari Nashville, tafiya bayan hajji. A watan da takardar ta fito, a shi Allah ya kawo miji. Shekara biyar ba ko ɗaya, sai suka iso tare kamar motocin alhazai a unguwar Aziziyya.

Kada wata ta rubuto min cewa ai doka ba ta hana ni tafiya ba. Na sani, fasfona yana jakata. Amma doka daban, fuskar dangin miji daban, kuma ba doka ce za ta zauna kusa da ni a kowane biki har ƙarshen rayuwata ba.

Mata ne suka fara zuwa ganina, kamar yadda aka saba. Tun safe Ummi take karanta min dokoki tana turara labule.

"Butar gahawa a hagu, finjali a dama. Kada ki cika shi, cika finjali korar baƙo ne."

"Na sani, Ummi."

"In an tambaye ki, kalma biyu. Ba a jami'a kike ba. Wallahi Samah in kika buɗe bakin nan kika fara 'a shekara ta dubu ɗaya da kaza', sai na..."

"Sai kin me?"

"Sai na suma. Kin ga dai hawan jinina."

Na sa doguwar riga ruwan zuma, aka matse ni da ɗan kunnen Ummi mai nauyin makulli. Baƙi suka iso. Uwar yaron, Khala Ramlatu, gajeruwa ce, baƙa, cikin laffaya ruwan toka irin ta mutanen Sudan, don ta can iyayenta suka biyo da ita tana goye. A unguwar Hindawiyya take. Shekara talatin tana daka yajin da masu sirey suke saye, wato tsiren nan namu da mutanen Makka suka karɓe har da sunan. Kafin ta zauna falonmu ya ɗauki ƙamshin citta da ƙuli, turaren Ummi ya ba da kai.

Ta karɓi finjali, ta dube ni tun daga kai har ƙafa, kamar buhun barkono da ake shirin taya wa.

"Ɗiyata, me kike karantawa?"

"Tarihi, Khala." Kalma biyu cif. Ummi ta sauke numfashi.

"Tarihin wa?"

"Na Amurka."

"Au, su ma suna da shi?"

Ku shaida, ba ni na fara ba.

Na ce suna da ɗan kaɗan. Na ce ni ɓangaren mata nake yi, yadda aka daɗe a can maza kaɗai ke zaɓen shugabanni a yawancin ƙasar, sai a shekara ta dubu ɗaya da ɗari tara da ashirin aka sa a tsarin mulki cewa ba za a hana mace ƙuri'a don tana mace ba. Daga gefe na ji Ummi ta ce "Ya Latif" a hankali.

"To kafin nan me matan suke yi ran zaɓe?"

"Suna dafa wa masu zaɓe abinci."

"Kamar ko'ina ke nan. Ci gaba."

Na ajiye butar. Na gaya mata sai jihohi talatin da shida sun yarda kafin abin ya zama doka, an samu talatin da biyar, ido ya koma kan wata jiha Tennessee, wadda Nashville ne babban birninta. A majalisarsu masu goyon bayan mata suka maƙala fure rawaya a ƙirji, masu adawa suka maƙala ja. Aka ƙirga, aka yi kunnen doki. Akwai wani ɗan majalisa, shi ne ƙaraminsu, shekararsa ashirin da huɗu, jan fure a ƙirjinsa. Amma a aljihunsa akwai wasiƙar uwarsa, ta rubuto daga ƙauye tana ce masa ya zama yaron kirki ya zaɓa wa mata. Da aka kira sunansa sai ya ce ya yarda. Shi ke nan, mata miliyoyi suka samu ƙuri'a.

Khala ta tafa hannu ɗaya a cinya. "Ɗan albarka! Su jajayen furen fa?"

"Sun kusa cinye shi ɗanye."

"Ba su sha nono ɗaya da shi ba ai." Ta yi dariya har laffayarta ta zame. Sai kuma ta shiga juya finjali a hannunta. "Uwar nan ta iya rubutu ke nan."

"Ta iya, Khala."

"Ni ban iya ba," ta ce, ta ɗauki ma'amul, biskit ɗin nan mai dabino, ta gutsura.

Da suka tafi Ummi ta kwanta a kujera da jiƙaƙƙen tawul a goshi. "Minti arba'in, Samah. Na duba agogo. Kin aurar da kanki ga littafi, Allah ya ba ku zaman lafiya."

Bayan kwana uku aka bugo waya, suna son a sa ranar shofa, ganin da ango ke yi wa yarinya a gaban ubanta.

Sunansa Hudaifa. Injiniyan lifta ne a gidajen alhazai na Aziziyya, dogo, mai kunya, Hausarsa duk ta rarake da Larabci. Na shigo da tiren lemo kamar yadda kowace 'yar Makka ta taɓa yi, na zauna. Minti goma aka ba mu. Bakwai daga ciki ya yi su yana kallon na'urar sanyaya ɗaki.

"Ammi, wannan tana ɗiga," ya ce wa Abuya, don a nan haka ake kiran baffa da duk sa'an uba. "In ka yarda in duba."

A ranar shofata, a gaban idona, mutumin da ya zo ganina ya hau kujera ya zaro matatar na'ura. Da ya sauko hannunsa duk ƙura, ya dube ni karo na farko ya ce, "Ummina ta ce kin san wani yaro mai fure." Ya yi murmushi. To, 'yan uwa, ga ikirarina na yau: a nan aka gama da ni. Na karanta littattafai sun fi ɗari kan yadda maza ke sayen zuciyar jama'a da murmushi, kuma ko ɗaya bai cece ni ba.

Aka ba mu izinin waya. Saƙonninsa gajeru ne kamar rasit. "Sabahul khair. Kin ci?" "Lifta ta maƙale da alhazai tara, na fito da su, khalas." Ni in aika masa da shafi guda, shi ya amsa da hoton babban yatsa.

Sai maganar sharaɗi ta taso. Ga waɗanda ba a nan suke ba: ranar milka, wato ɗaurin aure, ma'azun mai ɗaurawa yana tambaya ko amarya tana da sharaɗi, ya rubuta a cikin takardar aure. Wata ta ce aiki, wata ta ce gida nata ita kaɗai. Ni nawa guda ne, shekarata ta Amurka. Hudaifa zai samu hutun wata uku ya raka ni, sauran tara ni kaɗai.

Hudaifa ya yarda tun ranar farko. Matsalar ita ce Ammu Abdulganiyyu, ƙanin mahaifinsa, wanda ya riƙe shi tun uban ya rasu yana ɗan shekara shida. Dardumar salla da carbi yake sayarwa. Iyakar tafiyarsa a duniya Ɗa'if, nan kusa da Makka, amma babu abin da bai sani ba game da Amurka, don yana cikin rukunin WhatsApp goma sha ɗaya. Bai ce kada in je ba, ya fi haka wayo. Ce wa Abuya ya yi, "Insha Allahu za a duba in lokaci ya yi. Amma ba sai an rubuta ba. Maganar maza ce, ya Abu Samah. Ko ba ka yarda da mu ba ne?"

Abuya mutum ne da zai iya ba ka rigarsa don kada ka ce bai yarda da kai ba. Ya dawo gida yana sosa gemu.

"Ya binti, mutanen kirki ne. Rubutu kamar zargi ne."

"Abuya, matan da nake karantawa shekara saba'in suka yi ana ce musu za a duba."

"Su ai ba su da Abdulganiyyu."

"Suna da shi, Abuya. Da yawa ma."

Na koma kan waya.

"Ka yarda ko ba ka yarda ba?"

"Wallahi na yarda."

"To ka faɗa a gabansa."

Yana rubutu... ya daina. Yana rubutu... ya daina. Na je na yi alwala na yi salla na dawo, yana rubutu. Daga ƙarshe abin da ya iso: "Shi ya rene ni, Samah. Ban taɓa ce masa la'a ba."

Na rubuta: "In ba a rubuta ba, ba zan sa hannu ba." Na aika kafin zuciyata ta hana ni. Ya karanta. Ko babban yatsan bai zo ba.

Kada ku ɗauka jaruma ce ni. Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kuka mai majina. Ina son mutumin nan. Ina son yadda ba ya iya wuce abin da ya lalace bai tsaya ba. Amma na san kaina: in na shiga gidansa da "za a duba", ranar da aka duba aka ce a'a, shi zan tsana, ba Ammu ba.

Ranar milka, Alhamis bayan La'asar. Aka sa ni cikin koriyar riga mai aikin zare ruwan gwal, lalle har gwiwar hannu, kwalliyar da ta sa ban gane kaina a madubi ba, wanda ya yi daidai, don ban san ko amarya ce ko mai shirin ba da kunya ba. Maza suna majalisa, mata suna falon ciki. Tun azahar Hudaifa ya iso da tire-tiren alawa, ya tarar lasifikar majalisar Abuya ta shekara biyu ba ta magana. Kun san sauran. Ya kwance ta, ya gyara, ya haɗa da wayarsa ya sa karatun Alƙur'ani don baƙi su shigo da albarka. Da ma'azun ya iso sai ya tsayar da karatun.

Khala Ramlatu ce ta ƙarshen shigowa cikin mata. Laffayarta rawaya shar, kamar an matse kurkum a rana. Ummi ta ce, "Masha Allah, Ummu Hudaifa, wannan launi!"

"Shi ya dace da yau," ta ce, ko kallona ba ta yi ba.

Tsakanin majalisa da cikin gida akwai ƙofar da muke ƙwanƙwasawa a karɓi tire. Duk abin da matan gidanmu suka sani game da duniya, a bayan ƙofar nan suka ji shi. Nan na tsaya da rigata mai nauyi, kunne a jikin katako. Khala ta zo ta tsaya gefena, kanta bai wuce kafaɗata ba.

Ma'azun ya yi huɗuba, ya karanta sunaye. Sai ya ce, "Akwai sharaɗi?"

Abuya ya yi gyaran murya. "Eh to, akwai wata 'yar magana ta karatu..."

"An gama wannan, ya Shaikh," muryar Ammu ta danne tasa. "Mun fahimci juna. Ba sai an ɓata takarda ba. Mu ba baƙin juna ba ne, kakanninmu hanya ɗaya suka biyo."

"Waliyyi ya ambaci sharaɗi," in ji ma'azun, da muryar mutumin da ke da wani auren a Aziziyya kafin magariba. "Ango, ka yarda a rubuta?"

Shiru. Na'urar da ya gyara ce kaɗai ke magana a ɗakin. Na ƙirga har goma sha biyar.

Khala ta ja hannun rigata. "Me ya ce?"

"Bai ce komai ba, Khala."

Ta yi tsaki, ta zaro waya daga cikin laffaya, ta shige kicin ta ja ƙofa. Ni na tsaya ina tsara yadda zan ce wa ma'azun a'a ba tare da Ummi ta mutu ba.

Can na ji wayar Hudaifa ta yi ƙara a majalisa. Daga baya ya gaya min da ya ga saƙon murya da sunan uwarsa ya ɗauka wani abu ya same ta, ya danna da niyyar kai wa kunne. Ya manta wayar tana haɗe da lasifikar Abuya. Kuma Hudaifa in ya gyara abu, ya gyaru.

"HUDAIFA! NI CE UWARKA."

Gilashin taga ya amsa. Wani ya saki finjali.

"Na ji an tambaye ka ka yi shiru. Ni ban haifi kurma ba. Saurara. Ranar aurena da ubanka, Allah ya jiƙansa, na ce ina son a sa ni makarantar manya in koyi karatu. Ya ce to. Na ce a rubuta. Wannan Abdulganiyyun da ke kusa da kai, lokacin ko gemu bai da shi, shi ya ce ba sai an rubuta ba, maganar maza ce. Ubanka bai yi ƙarya ba, mutumin kirki ne. Ciki ne ya zo, sai yaye, sai hajji ya zo, sai baɗi, sai mutuwa. Shekara talatin da huɗu, har yau da yatsa nake sa hannu kamar ɓarawo. Ban iya rubuta maka wasiƙa ba, ga bakina. Ka zama ɗan albarka. Ka ce a rubuta wa yarinyar nan."

Saƙon ya ƙare. A falon ciki mata sun daskare, Ummi ta toshe baki da gefen mayafi.

Sai muryar Hudaifa ta fito: "A rubuta, ya Shaikh. Samahni, ya Ammi, ka yafe min. A rubuta."

Guɗar da ta tashi daga falonmu, ina jin har tattabarun Harami sun watse. Ƙawayen Ummi suka rungume ni, kwalliyar awa uku ta bi hawaye. Ta ƙofa na ji ma'azun yana tari irin na mai haɗiye dariya, Abuya yana ta "la haula" cikin jin daɗi.

Muryar Ammu ta sauka. "Ramlatu ba ta taɓa gaya min abin yana cin ta ba." Amma Ammu ne, dole ya nemi inda zai dafa. "Tayyib. A rubuta. Sai dai wata tara, yarinya ita kaɗai, a ƙasar da na ga bidiyo..."

Abin da ban lura da shi ba shi ne Khala ba ta fito daga kicin ba. Wayar ta sake ƙara. Hudaifa, da yake yanzu ya zama jarumi, da gangan ya danna.

"Kuma na san Abdulganiyyu zai ce ita kaɗai. Ba ita kaɗai ba ce. Ni zan bi ta. Ina son in ga garin da aka karanta wasiƙar nan. Shi ma a rubuta."

Guɗata ta tsaya cak.

"Shekara ashirin ina wannan aiki," in ji ma'azun, "ban taɓa rubuta uwar miji a matsayin sharaɗi ba."

"A rubuta!" Ammu ya ce da ƙarfi, har da buga hannu a matashi. "Ai rubutu shi ne gaskiya, ya Shaikh. Magana iska ce."

'Yan uwa, shekara huɗu ina nazarin yadda ake cin zaɓe. Ban taɓa buɗe babin gwamnatin haɗin gwiwa ba.

Ma'azun ya matso bayan ƙofa ya karanta min duka biyun, ya ce na yarda? Na waiwaya. Khala ta fito daga kicin tana gyara laffayarta rawaya, idonta ja, haɓarta sama. Na ce na yarda, na sa hannu, sunana cikakke, a hankali, tana kallon alƙalamin.

Wayata ta yi motsi. Hudaifa ne. Ba babban yatsa ba wannan karon, hoton fure rawaya.

Ana rabon alawa Khala ta jawo ni gefe, ta zaro sabon littafin rubutu da fensir daga cikin laffaya. Ashe da su ta zo.

"Jirgin nan awa nawa ne?"

"Kamar sha uku, Khala."

"Ya isa mu kai jimun?"

"Har dal ma."

"Madalla. Amma ni ba zan koya da littafin yara ba, 'wannan ƙofa ce, wannan kaza ce', da furfurata." Ta dafa hannuna, lallenta kan nawa. "Ummanki ta ce kina da littafin girki har guda biyu a kwamfuta, kin ɓoye ba kya nuna wa kowa. Ki bugo min su a takarda, manyan baƙi. Da su za mu fara."

Daga can gefe Ummi ta gyaɗa min kai, fuskarta cike da alfahari.